Kalilu da Salansar Shugaba

Ranar Asabar ɗin ƙarshen watan jiya, Ƙungiyar Masu Motar Gudu ta Jibiya da Maraɗi ta kori ƙanena Kalilu daga kujerar magatakarda, ta karɓe jaridar da ya shekara goma sha ɗaya yana buga musu. Dalilin da suka bayar wai ba shi da mota. Shekara goma sha ɗaya yana zuwa taronsu a kan keke, sai yanzu Allah ya buɗe musu ido suka gano keke ba mota ba ne.

Ni ce Sa'adatu mai abinci, wadda rumfarta ke bakin filin da suke taruwa a Magama, bayan tsohuwar tashar manyan motoci. Abin da zan faɗa a gabana aka yi. Wanda ban gani ba kuwa masu ci a wurina ne suka ba ni labari, kuma mutum ba ya yi wa mai zuba masa miya ƙarya.

Kalilu shi ke bi na, shekara huɗu ce tsakaninmu. Tun yana ƙarami kunnensa yake a titi. Gidanmu yana gefen hanyar da ta tsallaka iyaka zuwa Ɗan Isa, sai muna cin tuwo ya tsaya da loma a hannu ya ce, "Waccan mai tahowa filoginta ɗaya ya mutu." Baba ya ce, "Kai ka haife ta?" Can a fita a tarar da ita a gaban bakanike an ɗaga mata bonet. An kai shi gareji ya koyi aiki, kwana tara aka dawo mana da shi, saboda yana faɗin ciwon mota tun oga bai buɗe ta ba, oga kuwa ba ya son haka a gaban masu mota. Ya gama sakandare, ya koyi buga takardu, ya kama ɗan shago kusa da shingen kwastan yana buga wa fatake takardun kaya. Har yau bai iya tuƙi ba. Sau ɗaya aka gwada koya masa, ya tsaya sauraren inji ya manta da hanya, aka ciro su daga gonar geron mutane.

Ita kuwa ƙungiyar, ga wanda bai san ta ba, taron manyan mutane ne masu gemu, wasu har da jikoki, da ke sayen ƙananan motocin nan masu ƙofa biyu waɗanda suka gama tsufa a Turai aka biyo da su ta Kwatano da Maraɗi. Mota ce da ba ta ɗaukar buhun gero, ba ta ɗaukar iyali, cikinta na jan ƙasa kamar na ƙadangare. Mai ita sai ya cire hula ya tattare babbar riga kafin ya shiga, in zai fito sai an kama masa hannu. Amma ka ji ƙara! Kowacce da sunanta, akwai Ba Ni Hanya, akwai Kunama, ta shugabansu Alhaji Abdulbaƙi mai sayar da taya kuwa ita ce Jar Wuta.

Su bakwai suka fara, Kalilu na takwas. Shi ya ce musu taron da babu rubutu shan iska ne, ya fara buga musu takarda mai shafi huɗu duk wata, ya raɗa mata suna Ƙugin Inji. A ranar, Alhaji da bakinsa ya ce magatakarda ba sai yana da mota ba, gara ma a samu mutum ɗaya da ba zai yi son kai ba. Yau sun haura arba'in, daga Jibiya, Katsina, Ɗan Isa har Maraɗi. A cikin jaridar ake jin wanda ya sauya inji, da inda ake samun kayan gyara, da wanda ya cika baki ya ce zai je Katsina cikin minti ashirin ya kwana a hanya. Amma kowa shafin baya yake fara dubawa, don nan ne shafin ta'aziyya.

A dokarsu ba mutum ake sa wa hannu a rajista ba, mota ake sa wa. Da farko ganin mota a fili ya isa, sai wani ya ɗaure tasa da igiya a bayan a-kori-kura ya kawo ta ya kwance. Aka ce to a riƙa taɓa bonet. Kalilu ya ce a zafin ranar Jibiya ko gawar mota ce bonet ɗinta zai yi zafi, salansa za a taɓa. Tun daga nan duk taro sai ya bi motocin ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa a bayansu ya kai bayan hannu. In da zafi ta zo. In aka yi wata uku a jere ba ta zo ba, ta rasu, a buga ta'aziyyarta, mai ita kuma ya koma bencin takaba. Wani dogon benci ne a gindin darbejiya, wanda ya hau shi ba ya ƙuri'a, ba ya riƙe muƙami, sai ya kawo mota mai rai. Alhaji ne ya kawo dokar, shi ya raɗa wa bencin suna, kuma duk wanda aka kai can shi ne na farkon zuwa yi masa "ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri" yana ƙyaƙyata dariya har hularsa na faɗuwa.

Kalilu bai taɓa sa ayar Allah a ta'aziyyar ƙarfe ba, ya ce wasa ma da iyakarsa. Ga irin abin da yake rubutawa: "Muna sanar da rasuwar Zakanya bayan doguwar jinyar giyabos. An haife ta a Turai, ta yi ƙuruciya a Kwatano, ta yi aure huɗu, na ƙarshe a gidan Malam Nasiru na ƙauyen Kusa. Ta bar taya uku masu kyau da batir." Malam Nasiru da kansa ya sa ta'aziyyar a gilashi ya rataye a ɗaki.

Shekarar da aka kashe layukan waya a Jibiya, wannan takarda kaɗai ta riƙe su. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar kuwa, mutanen Maraɗi ba su iya shigowa da motoci, sai Kalilu ya riƙa ɗaure musu kwafinsu a leda yana ba masu amalanken shanu. Jaridar motar gudu a kan amalanke, kwana biyu kafin ta isa. Rajista kuma ta waya ake ɗauka, mutum ya kira ya tayar da inji ya kara wayar. Wani ya gwada yi masa wayo, Kalilu ya ce, "Wannan ba Kunama ba ce, motar maƙwabcinka ce, kuma ka gaya mishi bel ɗinshi ya kusa tsinkewa."

To, bayan Babbar Sallar da ta wuce, Jar Wuta ta shigo fili shiru, babu ƙarar nan da ke firgita mini kaji. Alhaji ya fito yana cewa mai ya yi tsada, tun daga gidan mai ya kashe inji ya gangaro. Ya faka ta daf da teburin Ɗanladi mai shayi, inda bai taɓa fakawa ba. Ni kuwa ga 'yan dako huɗu sun faɗo rumfata suna haki suna neman ruwa, ban ma tambaya ba suka ce Alhaji suka turo tun daga bayan gidan mai. Ina kallo Ɗanladi ya ɗauki buta kamar zai zubar da ruwa, ya zagaya bayan motar ya tuttule shi a kan salansa.

Kalilu ya zo ya durƙusa ya taɓa, ya sansana hannunsa, ya wuce mota ta gaba. Da aka watse ya same ni ina wanke tukwane.

"Yaya, salansar Alhaji ƙanshin citta take."

"To ka tara kofi mana. Da zahi ko babu?"

"Da zahi."

"Sai ka rubuta ta zo. Ina ruwanka?"

"Da laima kuma, Yaya. Kuma ban ji muryarta ba."

"Kai Kalilu, mota ce ko amarya da sai ka ji muryarta? Ka ruhwa wa dattijo asiri."

Ni na ba shi wannan shawara, ban ɓoye ba. Bai ɗauka ba, bai kuma tona ba, sai ya bar gurbin Jar Wuta babu rubutu. Washegari ya tafi shagon taya ya sami Alhaji shi kaɗai ya ce, "Alhaji, kamar inji ne ya buga ko? Zunnuraini na Maraɗi ya san inda ake samun irinshi, wata biyu ya isa a ɗaura." Alhaji ya ce, "Wa ya hwaɗa maka? Jar Wuta lahiyarta lau. Kai da ko lasin ba ka da shi."

Wata na biyu aka sake turo ta, buta biyu aka zuba. Wata na uku ruwan zafin Ɗanladi ya ƙare, sai ya ɗauki butar da aka riga aka sa wa sukari. Kafin Kalilu ya iso layin Alhaji, ƙudaje sun baibaye salansar kamar tiren mai alewa. Kalilu ya miƙe ya ce a hankali, "Alhaji, ko za a ɗan tayar da ita mu ji?" Alhaji ya lalubi aljihu ya ce ya manta makulli a gida. Mutumin da ya fito daga cikin motar yanzu-yanzu! Kowa ya sunkuyar da kai yana gyaran murya.

Ƙugin Inji na wannan watan ya fito da ta'aziyyar Jar Wuta. Ya yabe ta sosai, ya tuna ranar da ta bar motocin Katsina duka a baya, sannan ya rufe da cewa ta rasu tun bayan Sallah, an yi wata uku ana kawo gawarta taro ana yi mata wanka da shayi. Wannan layin na yarda da yaji a ciki. Amma wanne ne ƙarya?

A taron da ya biyo baya Alhaji ya zo a motar gida, ya ce Jar Wuta tana wurin wanki. Maimakon ya nufi benci sai ya zaro takarda ya karanta sabuwar doka: wanda bai mallaki mota ba ba ɗan ƙungiya ba ne, balle ya riƙe rajista. Zunnuraini, wanda ya tuƙo tun daga Maraɗi, ya miƙe da "mushe" ɗin nan nasu na Faransanci, wato yallaɓai.

"Mushe shugaba, in haka na, kai mi kake yi bisa kujera? Ina taka motar?"

"Tawa tana da lamba da takardu. Ta Kalilu ƙararrawa gare ta."

"Gawa ma tana da suna, Alhaji. A tashe ta mu ji."

"Zauna, Zunnuraini, nan ba Maraɗi ba ne."

'Yan bencin takaba, su shida, suka hau ihu suna buga benci suna cewa sun matsa masa wuri, amma ba su da ƙuri'a. Aka ce a ɗaga hannu. Ashirin da uku suka ɗaga a kori Kalilu, tara suka ƙi. Na ƙirga su da ludayi a hannuna, kuma na san dalilinsu. Rabin motocin nan tari suke, wasu sai da turi suke tashi da safe. Sun ga in aka kawar da mai taɓa salansa, kowa ya huta da tsoron benci.

Kalilu ya tashi. Ya miƙa rajistar da hannu biyu, ya ce "Allah ya ba da sa'a," ya ja kekensa. Ni ce na zazzage musu magana, kuma ba zan maimaita ta a rubuce ba, don 'ya'yana suna karatu.

Tun ranar ƙanena ya juya teburinsa yana fuskantar bango. Mota ta wuce da ciwo a bayyane, ba ya ɗaga kai. Matarsa Bilkisu ta ce yakan fara buga wani abu a shago, ya kai rabin shafi ya goge. Mutum ne mai shekara arba'in da shida, bai taɓa neman sarauta ba, bai taɓa neman kujerar siyasa ba, waɗannan shafi huɗun su ne abin da ya tara a duniya. Sabon Ƙugin Inji kuwa ya fito shekaranjiya, shafi biyu, hoton Alhaji huɗu, babu shafin ta'aziyya. A rajista an rubuta Jar Wuta ta zo. Tana can gindin mangwaro a ƙofar gidansa, mai kai musu itace ya ce kaza ta yi ƙwai a kujerar direba.

Saboda haka, Alhaji Abdulbaƙi, da ku ashirin da ukun nan da na san sunayenku da yawan naman da kowannenku ke so a miya, ga abin da nake nema. Asabar ɗin ƙarshen watan nan a kawo Jar Wuta fili, a sa makulli a murɗa a gaban kowa. In ta tashi, ni da kaina zan kamo hannun Kalilu ya ba da haƙuri, in dafa wa ƙungiya shinkafa da kaji. In ba ta tashi ba, Alhaji ya bi dokar da ya kafa, ku kuma ku ɗauki rajistar ku taka da ƙafarku har shagon Kalilu ku mayar masa, ba aike ba, ba waya ba. Kafin nan kada ɗayanku ya zauna mini a rumfa. Ku mayar wa ƙanena jaridarsa.