Tayoyi Bakwai na Baba Kashe-Inji

Kafin mai shayin tasha ya hura wuta, Baba Kashe-Inji ya riga ya tsuguna gaban famfo yana cika jarkoki. Bakwai ne, duk shuɗaye, kowace an ɗaure mata murfinta da igiya don kada ya ɓace. In sun cika sai ya jera su a bayan tsohuwar jif ɗinsa, ya leƙa lagireto, ya bi tayoyi yana haurinsu da ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ya goge gilashi da tsumman da ya girmi wasu direbobin tashar. Sai ya gama wannan duka yake waiwayar fasinja. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana ratsa hanyar hamada, kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa, kuma ba a taɓa ganin ya tashi ba tare da jarkokin nan ba.

Ruwan ba nasa ba ne, ba kuma na mota ba. Na tsuntsaye ne.

"Baba, yau ma baƙin naka za a kai wa?" abokan aiki kan tsokane shi.

"Su ma fasinja ne," yakan ce, "sai dai ba sa rigimar kujerar gaba."

Bana ne bazararsa ta ƙarshe a kan sitiyari. Yanar ido ta rufe masa na hagu, na daman ma ya fara hazo, likita kuma ya ce ko an yi aiki ba maganar doguwar hanya. Baba bai yi gardama ba, don ya san ran mutane yake ɗauka. Abin da ya hana shi sukuni ɗaya ne: idan ya ajiye makulli, wa zai riƙa zuba ruwan? Tsuntsun da ka saba wa wuri shekara talatin zai zo ko da ruwa ko babu, kuma a tsakiyar bazara ba shi da ƙarfin komawa neman wani.

Asalin abin, kamar yadda uwargidansa ke ba da labari, wata kurciya ce. Yana sabon direba ya tsaya da tsakar rana a ƙarƙashin wata aduwa don inji ya huce. Lagireto na ɗiga, sai ga kurciya ta sauko, baki buɗe, fukafukai a sake, ta shige ƙarƙashin motar tana tsattsagar jiƙaƙƙen rairayi, ko tsoronsa ba ta ji. Ya dawo gida ya kasa cin abinci. Washegari ya je wurin mai faci ya roƙi tsohuwar tayar babbar mota, suka tsaga ta gida biyu. Ya kai rabi gindin aduwar nan, ya binne ta zuwa baki, ya cika ta da ruwa. Sannu a hankali tayoyin suka zama bakwai, kowace a inuwarta, tsakanin wannan da waccan tafiyar awa biyu ko uku. A cikin kowace taya kuma akwai faffaɗan dutse a jingine, rabinsa a ruwa rabinsa a waje. Ba wanda ya taɓa tambayarsa amfanin dutsen, shi ma bai taɓa tunanin sai ya faɗa ba.

"Na auri direba, na wayi gari da mai kiwon tsuntsayen Allah," in ji uwargidan. Tana faɗa tana harararsa, amma ita ce ke wanke jarkokin duk ranar da ya dawo.

Ba a daɗe ba labari ya kai kunnen mutanen nan masu yawo da madubin hangen nesa da ƙaramin littafi a aljihu, waɗanda ke baro gidajensu da zafin nan don kawai su kalli tsuntsu. Da farko tasha dariya take musu. Su kuwa da sun sauka sai su ce a nuna musu dattijon nan mai kashe inji. Daga nan sunan ya samo asali, domin dokarsa ce: tun da sauran tafiyar minti biyar a ƙasa kafin a isa taya zai kashe mota. Ba a buga ƙofa. Ba a nuni da hannu, sai dai da haɓa. Mai farar riga ya yafa wani abu a kai. Sannan a zauna, a yi shiru har jikin mutum ya fara ƙaiƙayi.

"Ku masu littafi kuna son ku bi tsuntsu," yakan ce musu. "Ba a binsa. Zama ake yi har ya manta da kai."

Wata malamar jami'a da ta yi shekara uku tana neman ganin tuje, babban tsuntsun nan mai dogon wuya da ke tafiya kamar mai jin kansa, ita ta ba da shaida a kan yadda yake aiki. Ta zo da taswira da na'urori, ta nuna masa inda littafi ya ce a duba. Baba ya kalli takardar cikin ladabi, ya mayar mata. Da hantsi ya tsaya, ya ɗaga kai yana kallon inda kurciyoyi suka nufa, ya ce da safe ruwa suke nema, don haka can ne akwai rai. Ya kai ta taya ta biyar, ya nuna mata 'yar ciyawar da ta tsiro inda ruwa ke fantsama. Ya ce inda ciyawa take fara na zuwa, inda fara take kuma tuje ba ya nisa. Ya nuna mata sawun barewa, da na yanyawa, da wata shaida mai yatsu uku a rairayi. Suka zauna awa biyu. Da tujen ya fito daga bayan tumfafiya, malama ta manta da kyamarar da ke wuyanta, hawaye kawai take yi.

"Baba, ban ɗauka ba!" ta ce bayan ya wuce.

"Kin gan shi ko ba ki gan shi ba?"

"Na gan shi."

"To ai kin ɗauka."

Kai ne, Baba, ka mai da hanyar da mutane ke rufe ido su wuce ta zama wurin da ake zuwa takanas a buɗe ido. Kai ne ka taɓa sauke wani babban mutum da kayansa a bakin tasha saboda ka hango bindiga a cikin jakarsa, ka ce motarka ba ta san hanyar tayoyin ba yau. Ba ka yi karatun tsuntsaye a aji ba, amma masu digiri sun zauna a rairayi suna rubuta abin da kake faɗa.

Cikin masu tsokanarsa babu kamar Sarkin Gudu, wani direba ƙaƙƙarfa mai yawan dariya, wanda ke alfahari da cewa hanyar kwana biyu yini ɗaya da rabi yake yin ta. Shi ne ke cewa Baba ya mai da mota jaki. Shekara shida da suka wuce, tiyon lagiretonsa ya fashe da tsakar rana, ruwa ya tsiyaye tas. Ya ɗaure tiyon da roba, amma ɗan ruwan shan da ya rage bai isa ya raba tsakanin inji da mutum tara ba, cikinsu har da mai shayarwa. Waya ba ta kamawa. Yana tsaye ya rasa abin yi, sai ya tuna maganar da ya sha yi wa dariya. Da la'asar ta yi ya ga hasbiyoyi suna wucewa duk gefe guda, ya ɗauki galan ya bi su da ƙafa. Bayan wani tudu ya tarar da taya ta huɗu, cike, domin Baba ya wuce da safe. Ruwan ya tashi motar, mutum tara suka isa gida.

Tun daga ranar bai ƙara cewa jaki ba. Amma fa bai fara ɗaukar ruwa ba, don a ganinsa wannan aikin Baba ne, kuma Baba ai yana nan.

Da maganar ido ta fito, Baba ya yi ta kewaye-kewaye ya kasa roƙon kowa. Mutum ne mai kunyar ɗora wa wani nauyi. Uwargidansa ce ta gaji da ganinsa yana juya abinci a kwano, ta yafa mayafi ta tafi tasha da kanta. Abin da ta faɗa musu ba ta maimaita wa kowa ba. Abin da aka sani shi ne, direbobi shida, har da Sarkin Gudu, suka haɗa baki a ɓoye, suka raba tayoyin a tsakaninsu, suka ce za su ba Baba mamaki a tafiyarsa ta sallama.

Ranar tafiyar, Sarkin Gudu ne ya karɓi sitiyari, Baba na gefensa da jarkokinsa bakwai a baya. Suka isa taya ta farko da hantsi. Sarkin Gudu ya kashe inji tun daga nesa, yana ta murmushi shi kaɗai. Baba ya taka a hankali, ya tsuguna, ya sa hannu. Ruwa har baki, tayar an wanke ta fes.

"Wa ya zuba?"

"'Ya'yanka ne, Baba. Duk bakwai ɗin. Har datti muka kwashe, da wasu duwatsu da suka faɗa ciki."

Baba ya ƙara sunkuyawa kan tayar. Ya zagaya hannunsa cikin ruwan, a hankali, har ya taɓo abin da yake tsoro. Ya ɗago tafinsa. 'Yan tsada biyu ne, ƙananan tsuntsayen nan da ba su kai babban yatsa ba, a jiƙe, sun mutu.

Murmushin Sarkin Gudu ya ɗauke.

"Roba santsi gare ta," Baba ya ce. "Kurciya tana da wuya, daga baki take sha. Waɗannan sai sun sauka. In babu dutse, sun shiga ke nan." Sannan ya ƙara da cewa, "Laifina ne. Shekara talatin ina sa shi, ban taɓa gaya wa kowa dalili ba."

Ƙaton mutumin nan ya durƙusa a rairayi kamar yaron da ya fasa tulu. "Baba, wallahi gyara muka yi niyya."

"Na sani. Tashi ka nemo inda kuka jefar da shi."

Ya nemo. Baba ya kama hannunsa ya nuna masa yadda ake jingina dutsen, gefen mai kaushi a sama, ya gangara cikin ruwa yadda ko ruwan ya ja baya ƙaramin tsuntsu zai samu wurin taka ƙafa. Ya sa shi ya cire, ya sake sawa, har sau uku. Daga nan suka kama hanya, kuma a ranar ne kaɗai a tarihin tashar aka ji Baba Kashe-Inji yana ce wa direba ya ƙara wuta. A taya ta biyu sun tarar da ɗaya a mace. A ta uku sun samu wani yana fafutuka da rai, Baba ya tsamo shi ya ɗora a kan hularsa har ya bushe ya tashi. Sauran Allah ya kiyaye. Kafin rana ta faɗi washegari kowace taya ta koma da dutsenta.

A ta bakwai suka zauna cikin inuwa. Baba ba ya iya rarrabe komai daga nisan nan, sai kunne. Ya ce wannan kukan hasbiya ne, wancan cilakowa. Can ya ji numfashin na kusa da shi ya canza.

"Me ka gani?"

"Baba," Sarkin Gudu ya ce cikin raɗa, shi da ba a taɓa jin ya yi raɗa ba, "wasu 'yan mitsi-mitsi ne. Sun sauka a kan dutsen. Ɗaya, biyu... sun fi goma. Suna sha."

"Suna fitowa?"

"Suna fitowa."

Baba ya jingina da itacen ya lumshe ido. "To mu zauna tukuna," ya ce. "Kada ka tashi motar."

Yanzu an yi masa aikin ido, yana gida, yana ganin jikokinsa da kaji da 'yar tayar da ya binne a tsakar gida. Direbobi tara ne ke ɗaukar jarka a tashar, kuma duk wanda ya dawo sai ya biya ta ƙofar gidansa. Ba ya tambayarsu ko sun zuba ruwa, ya san sun zuba. Tambayarsa ɗaya ce: "Dutsen yana ciki?"

Mun gode, Baba. Mun gode da shekara talatin da ɗaya na ɗaukar ruwa zuwa ga waɗanda ba za su taɓa ce maka sannu ba. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya saka wa uwargida da ta taka har tasha. Ku kuma masu shirin ratsa hamada da bazarar nan don kallon tsuntsaye da namun daji, ku ƙara jarka ɗaya a kayanku. In kun hango taya a gindin itace, ku kashe inji tun daga nesa, ku taka a ƙasa, ku zuba abin da ya sawwaƙa. Kafin ku juya, ku sa hannu cikin ruwan ku tabbatar dutsen yana nan.