Sakaina a Jikin Fanteka

Goggona, ƙanwar mahaifina da ke aure a Shinkafi, ita ta gaji fantekokin kakarmu. Duk gidan da ake biki ko suna a unguwar, wurinta ake zuwa aro. In taro ya watse, sai a haɗa kwanonin gidaje a wanke, kowa ta ɗauki wanda ya yi kama da nata. Jan farcen da Goggo ke ɗigawa a gindin nata don shaida, toka da soso ke cinye shi. Fantekoki suka yi ta raguwa, har ta ce daga biki mai zuwa ta rufe aro, ko da za a kira ta marowaciya.

Lokacin ina karatun lantarki a Ƙaura Namoda. Da na zo hutu, na taho da wasu 'yan tambura masu kama da sitika, da na'urar karanta su da na aro a sashenmu. A cikin kowane tambari akwai siririyar eriya. Ba shi da batir, igiyar rediyon da na'urar ta aiko ce ke tashinsa ya faɗi lambarsa. Na gwada ɗaya a kan tabarma, ya amsa. Na manna shi a jikin fanteka, shiru.

"To, malama," in ji Goggo, "ɗan naki kunya yake ji, ko fantekar tsohuwa ce ta fi ƙarfinsa?"

Ban damu ba, don na san dalili. Ƙarfe madubi ne ga igiyar rediyo. Da ta iso shi sai ya maido ta a juye, mai zuwa da mai komawa su kashe juna daidai fatar ƙarfen, inda eriyar ke kwance. Nakan tuna mai kira a bakin rijiya, wanda amsar rijiyar ke haɗiye muryarsa. Tazara kaɗai tambarin ke nema.

Na tsinto sakaina a bayan madafa, na fere ta, na ɗora tambarin a kai. Na kafa ta ƙarƙashin leɓen fantekar, na lulluɓe da gam saboda ruwa. Na'ura ta yi ƙara. Ba ta ji daga nesa, sai an matso, amma hakan ya ishe mu. Haka na bi sauran.

Da bikin ya zo, Goggo ta ba da aro. Bayan an watse, na ratsa kwanonin da aka kife a rana da na'ura a hannu, na Goggo suna amsa mini ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshe a hammatar wata maƙwabciya ta yi ƙara, tana hanyar fita. Matar ta duba, ta yi dariya.

"Ashe ta san gidansu," ta ce, ta miƙo.

Da hutu ya ƙare, na damu da yadda Goggo za ta yi ba na'ura.

"Mai da musu abinsu, ɗiyata," ta ce. "Duk unguwa ta san fanteka mai sakaina tawa ce."

Tana faɗa tana jera wa wata mai aro fanteka uku, za a yi suna a gidansu.