Riga Mai Lamba Huɗu

Kulob ɗin da Babana ya buga wa ƙwallo ba shi da tarihi a takarda. Wata shekara ruwan Douala ya shiga ofishinsu, ya mai da littattafai da hotuna kamar kunu. Abin da ya rage yana cikin kan wani tsoho a layinmu na unguwar New Bell, wanda ya daɗe yana wanke wa 'yan wasan riguna. Idonsa ya mutu tun ina makaranta. Sunaye ba su dame shi ba, lamba ya sani, don da lamba yake shanya rigunan a igiya, daga ɗaya zuwa sha ɗaya.

Kullum bayan la'asar yana kan benci a ƙofar shagon tela. Ka tambaye shi shekarar da suka ɗauki kofi, sai ya ɗaga hannuwa kamar mai shanya, ya bi rigunan bi da bi yana faɗin abin da kowa ya yi a fili. In mai rigar ya rasu, ya ce "Allah ya jiƙansa," ya wuce. Ni dai surutun tsufa na ɗauke shi. Ina aikin ofis, ina ji da Faransancina, ina na ga lokacin labarin ƙwallo?

Ran nan ya kai lamba bakwai, ya yi masa addu'ar matattu. Tela ya ce, "Baba, ka yi kuskure. Bakwai yana nan garau, jiya na gan shi a kasuwar Sandaga yana sayar da albasa."

Tsohon bai yi musu ba. Ya ce, "Rigarsa ta yi nauyi," ya ci gaba.

Kwana biyu tsakani aka kai mai albasa makwancinsa. Bayan damina haka ta sake faruwa da lamba tara, wanda ke zaune can unguwar PK 14, ko ciwon kai ba a ji yana yi ba.

Babana shi ne lamba huɗu.

Tun daga nan na tsani bencin nan. Nakan baro aiki da wuri, in hau babur, in zo in tsaya kusa. Da na ji ya kai uku sai in faɗa masa da gaisuwa, in miƙa goro, in tambayi ƙafarsa, har zancen ya watse. Na san wauta ce, ai ba bakinsa ke kashe su ba. Amma tsoro nake ji, kuma ba na so in ji abin da zai faɗa.

Baba ya gane. Wata Juma'a ya ɗauki sandarsa ya ce, "Raka ni, ma fille, 'yata. Yau kuma ki riƙe goronki."

Ya zauna kusa da tsohon ya ce, "Mai wanki, shanya mana."

Hannuwa suka tashi. Ɗaya, Allah ya jiƙansa. Biyu, haka. Uku, haka. Na damƙe hannun rigar Baba. Da ya zo huɗu, ya faɗi yadda Baba ya cire ƙwallo daga kan layin raga da ka, sannan ya tsaya yana auna iska da tafin hannunsa. Keken tela ma ya tsaya. Can ya gyaɗa kai, ya wuce biyar ba tare da addu'a ba. Sauran ban ko saurara ba, daɗi ya rufe min kunne.

A hanyar gida ina ta zuba. Na ce, "Ka ji ko, Baba? Rigarka ba nauyi."

Ya ce, "Ba ki ƙirga ba. Goma ya yi wa addu'a."



"Mun taɓa buga wasa mu goma," in ji shi. "Ba a sha da daɗi ba. Kuma can inda suke, baya ne a buɗe, wurina." Ya ɗan tsaya ya huta a kan sandarsa. "Ba kyau a bar mutane suna jira."

Da muka isa, ya sa Inna ta ciro masa tsofaffin takalman ƙwallonsa daga ƙasan gado. Ya zauna a bakin ƙofa yana shafa musu man kaɗanya a hankali, ya gama ɗaya ya ɗauki ɗayan. Na tsaya a kansa, na kasa ce masa ya bari.