Wanda Ke Cikin Lungu Ba A Aikensa

Da an idar da sallar asuba a Yalwan Damai, Malam Yahuza kafinta zai sha kokonsa, ya buɗe rumfarsa ta bakin hanya, ya fara da abin da ban taɓa ganin wani kafinta yana yi ba. Sai ya durƙusa ya tsince guntattakin katakon da ya yanke jiya, ya jera su gefe kamar mai ajiyar gwal. Mata sun sha roƙonsa su hura wuta da su, bai taɓa bayarwa ba. Mutumin da zai ba ka rigar jikinsa, a kan guntun katako sai ya zama marowaci.

Da waɗannan guntayen yake ƙera abin da muke kira lungun karatu. Ɗan teburi ne gajere, daidai zaman yaro a kan tabarma. Yakan kare gabansa da gefe biyu da kwali ko zana, yadda yaro in ya sunkuya ba ya ganin tsakar gida. Akwai gwangwanin madara na fensir, da ƙusa ta rataya jaka. Shi ke nan. Amma ba ya haɗa shi a rumfa. Sai ya zo gidanku bayan la'asar, ya ga inda haske ke sauka, ya ga inda idon yaron ke gudu. In murhu ne ke jan hankalinsa, lungun zai juya wa murhu baya. Ƙusar ƙarshe kuwa yaron ne zai buga da hannunsa, ko da za ta lanƙwashe.

"Wanda ya buga ƙusa ba ya barin akuya ta hau," in ji shi.

Sannan ya kafa sharaɗinsa guda ɗaya, a gaban duk mutanen gidan: wanda ke cikin lungu ba a aikensa.

To, a nan ake yin ta. Mu da muka san yaro a gidajenmu ba ya zama! Yanzu ya buɗe littafi, yanzu an ce sayo daddawa, kai niƙa, duba ko Babanka ya dawo. Sannan sakamako ya fito mu ce yaron ba ya ja.

Maƙwabtana ne gidan Ismail, don haka labarin 'yarsa Humaira a gabana aka yi shi. Yarinyar ta maimaita aji, ga shi tana neman sake maimaitawa. Uban ya ce ya gaji, in ta sake faɗuwa a jarrabawar ƙarshen shekara sai ta zauna a gida, tun da boko ya ƙi ta. Uwarta Rukayya kuwa sai ta aika wa Malam Yahuza. Ya zo, ya duba, ya kafa lungu a gindin katanga, Humaira ta buga ƙusarta. Da ya faɗi sharaɗin, kakarta Inna Turai, wadda a yini ba ta iya ƙirga sau nawa take kwala wa yarinyar kira, ta ajiye carbinta.

"Kai Yahuza, jikata ce fa. In ban aike ta ba wa zan aika? Kai?"

"Ni ɗin, Inna," ya ce.

Muka yi dariya, mun ɗauka wasa ne. Washegari da la'asar sai ga shi ya rufe rumfa, ya zo ya zauna a zaure. Inna ta kira Humaira, ya amsa da "Na'am, Inna." Ita ma da yake ba a kayar da ita a gardama, ta miƙo masa ƙwaryar niƙa. Wallahi da idona na ga dattijo da furfura a gemu ya ɗora ƙwarya a kafaɗa, ya je injin niƙa ya bi layi cikin 'yan mata. Labari ya cika gari. Ya sayo mata gishiri, ya sayo goro, ta ce goron bai yi ba, ya koma ya canjo. Ba a jima ana haka ba ƙawayenta suka fara zuwa gaishe ta suna tambayar ina sabon ɗan aiken nata. Kunya ta kama tsohuwa.

"Tashi ka koma rumfarka," ta ce masa, "kada ka ja mini zagi a gari. Na ji, ba zan aike ta ba."

Daga ranar Inna Turai ta ja kujerarta kusa da lungun, sanda a hannu. Kaza ba ta giftawa, balle mutum. Har Ismail ɗin da kansa ya leƙo yana neman a miƙo masa buta, ta ce ai da ƙafarsa. Humaira ta ci jarrabawa. Ba ta zo ta ɗaya ba, kada a ce na yi ƙari, amma ta wuce, kuma ba ta sake waiwayowa ba. Yau tana koyarwa a wata firamare a Birnin Kudu. Ranar da ta fara aiki na yi murna har na rasa inda zan sa kaina.

Malam Yahuza, kai ne ka gane cewa yaranmu ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba, wurin zama suka rasa. Kai ne ka hau bayan babur da katako a cinya har Kwandiko, don wata uwa ta ji labarinka a kasuwa. Mai lungu, mai ƙusar ƙarshe! Ba ka taɓa zama a aji ba, amma ka zaunar da masu aji.

Bana hannunsa ya fara rawa, guduma ta yi masa nauyi, ya bar wa ɗansa Kamaluddeen rumfar. Sai dai mutanen garinmu ba su san an huta ba. Wannan ƙofarsa ta goce, wancan ƙafar gadonsa ta karye, kowa Malam Yahuza. Shi kuma ba ya iya cewa a'a. Alhali ya daɗe yana faɗa mana burinsa ya zauna ya ƙarasa saukar Alƙur'anin da neman abinci ya katse masa tun yana saurayi.

Humaira ce ta tara waɗanda suka tashi a lungunansa. Suka je rumfa, suka tsince guntayen katako, suka haɗa masa nasa a ƙofar ɗakinsa, inda hasken la'asar ke sauka. Ya zagaya shi, ya girgiza ƙafar teburin ɗaya, ya ce aikin ba laifi. Ta miƙa masa guduma.

"Baba, saura ƙusar ƙarshe."

Ya buga, ta lanƙwashe, kowa ya fashe da dariya, shi kuma yana share ido da hannun riga.

Mun gode, Malam. Allah Ya saka maka da alheri, Ya nuna mana ranar walimar saukarka. Ku kuma iyaye, kwali da guntun katako ba sa ƙarewa a gida, ku yi wa yaranku lungu, ku riƙe bakinku na ɗan lokaci. Wanda kuma ƙofarsa ta goce bayan la'asar, ya nemi Kamaluddeen. Malam Yahuza yana cikin lungu, ba a aikensa.