Mobiletin da Muka Kai wa Sakata Djougou

Tashi daga Parakou

Ana idar da sallar asuba a masallacinmu na unguwar Guéma na fito da mobiletin, ƙaramin babur mai feda, daga shagona, sabuwa fil, ko ledar sirdinta ba a ɓare ba. Ban hau ba. Tura ta na yi da hannu har gar, wato tashar motocin Djougou, domin kwamitin ƙwallonmu ya ce kada wanda ya ɗana ta kafin mai ita. Malam Isiyaku mahauci yana biye da ni.

Sunana Mamman, tela ne ni, mutumin Konni. A lokacin ni ne sakataren ekip ɗin ƙwallo na unguwarmu, shi kuma Isiyaku, wanda ya zo daga wajen Sakkwato, shi ke riƙe da asusu. Shekarun nan ne da aka sauya wa ƙasar suna daga Dahomey zuwa Benin, kowa ya koma kamarad, har mai suyar ƙosai.

Wanda za mu ɗauko shi ne Bukari, da ake wa laƙabi da Sakata. Ɗan baya ne. Tun da gwiwarsa ta taɓu ba ya iya wasa daga farko har ƙarshe, sai dai in muna kan gaba, an kusa tashi, a sa shi ya shiga ya kulle ƙofa. In ya shiga kuwa, babu abin da ke wucewa. Da ya koma garinsu Djougou wajen kawunsa, sai muka fara ci da wuri, a rama mana dab da tashi, wani lokaci har a ƙara mana. Na aika masa ya dawo, ya aiko da amsa cewa sai da mobileti. Kuɗin da muke da su kuwa su ne waɗanda direbobi da matan kasuwa suka tara don a saya wa yara riguna da takalma. An yi ta ja-in-ja a kwamiti, ɓangarena ya rinjaya da ƙyar. Isiyaku ya ce tun da haka ne, da shi za a je, ya ga abin da aka saya da idonsa.

Motar da muka samu bashe ce, irin mai rumfar tamfol a baya. Direban, wani Bariba mai suna Bio, ya ce mobileti kuɗin mutum biyu za ta biya. Aka ɗaure ta a sama tsakanin buhunan gishiri. Ba mu bar gari ba sai da rana ta ɗaga, ana jiran cikon fasinja.

Shingen Bétérou

Farkon damina ne, hanyar jan ƙasa ce, duk ta yi rami. Ni da Isiyaku muna gaba kusa da direba, gwiwa na gugar gwiwa. Muna fita gari ya buɗe baki.

"Mutum goma sha ɗaya suna gudu tun farkon wasa da takalmin da ka ɗinke sau ba iyaka," in ji shi. "Wanda ke zaune a benci shi aka saya wa babur. A wace kasuwa ake irin wannan ciniki?"

Na ce, "Gudun nasu me ya tsinana mana, tun da a ƙarshe ake kwashe mu?"

Bio ya sa baki, ya ce shi ko kusa da gida ba ya tashi babu tayar sukur, wato ta ko-ta-kwana. Isiyaku ya ce shi ma ya sani, amma bai taɓa jin wanda ya sayar da tayoyinsa huɗu ya sayi ta biyar ba. Bio ya yi dariya ya ce mu ƙarata can.

Da hantsi muka isa Bétérou, inda gadar kogin Ouémé take. An gitta gora a kan ganguna biyu, jandarma yana zaune a gindin mangwaro da ƙaramar rediyo a cinya. Ya duba katin kowa, sannan ya ɗaga kai ya ga mobiletin.

"Kamarad, ta wa ce wannan?"

Na miƙa masa takardar saye na yi bayani. Ashe mai son ƙwallo ne, kuma ya taɓa ganin Sakata a fili. Ya ce yaron ya cancanta. Isiyaku ya tambaye shi ko shi albashinsa ya saya masa irinta. Jandarman ya daina murmushi, ya ce a sauke kaya duka zai duba. Muka ɓata lokaci mai tsawo a rana, fasinja na tsine mana, kafin ya ɗaga gorar.

Onklou da Partago

A Onklou muka tsaya cin abinci. Sakwara da miyar gyaɗa da yankan wagashi, cukun Fulani, dala goma kwano. Mata suna ta wucewa da ƙwaryar kaɗanya a ka. A nan wata dattijuwa daga cikin fasinjan baya ta matso kusa da mu. Na gane ta, mai shinkafa da wake ce a kasuwar Guéma.

"Malam Mamman, wannan abin da ke sama, shi ne takalman yaranmu?"

Na ce, "Inna, shawarar kwamiti ce."

"Ɗana yana cikinsu. Farcen babban yatsansa ya fita sau biyu. Ni don takalmi na ba da nawa." Ta koma ta zauna. Isiyaku yana suɗe kwano a hankali yana kallona.

Kafin Partago ruwa ya kece. Wata babbar mota ta kafe a tsakiyar hanya, dole duk mazan suka sauka muka tura tamu ta gefen gona. Na cire babbar rigata na hau na rufe mobiletin da ita. Muka shiga Djougou bayan la'asar, jiƙe sharkaf, jajur da taɓo.

Djougou

Gidan Alhaji Sani, kawun Bukari, ba ya ɓata. Tun kakanninsu fatake ne na goro, zaurensu kuwa ya fi shagona girma sau uku. A ciki muka tarar da Bukari tsugune gaban huhunan goro, yana zaɓe masu tsutsa yana sauya ganye. Ya yi ƙiba kaɗan. Da ya ga abin da nake turowa sai ya miƙe, ya goge hannu a riga, ya shafa sirdin kamar mai shafa kan jariri.

"Yaya Mamman, ashe da gaske kuke."

Aka ba mu ɗaki da ruwan zafi, aka kawo wasa-wasa, wani dambu na garin doya, da man ja da soyayyen kifi. Alhaji ya ce baƙo ba ya magana ranar da ya sauka, sai da safe.

Da safe bayan koko muka zauna a zaure. Alhaji Sani dattijo ne mai sanyin murya, Hausarsa gauraye da Dendi.

"Ni ba ni da ɗa namiji da ya tsaya a kasuwa," in ji shi. "Wannan na jawo shi jikina, na fara nuna masa mutanena. In ya yi haƙuri, zauren nan nasa ne. Ku me za ku ba shi bayan wannan ƙarfe?"

Na ce akwai alkawarin wurin aiki a wajen wani mai motocin dako, kuma unguwa duka tana bayansa. Ina faɗa ina jin yadda maganar ba ta da nauyi a gaban huhunan goron nan.

Sai Isiyaku ya ce, "Alhaji, ku gafarce ni. Ni mahauci ne, ba na biyan kuɗin sa sai na taɓa. Ya naɗe wandonsa."

Bukari ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya naɗe. Isiyaku ya tsuguna ya danna gwiwar da babban yatsa, nan da can, ya lanƙwasa ta, ya miƙar.

"Akwai ruwa a ciki," in ji shi. "Wannan ba za ta kai damina biyu ba. Mun yi tsada."

Bukari ya saki wandonsa. Muryarsa ba ta tashi ba.

"Malam Isiyaku, gwiwar nan a filinku ta lalace, ranar da na tare ɗan gaban ekip ɗin ma'aikatan reluwe. Kuka ɗauke ni a kafaɗa kuna kirari. Na yi wata ina kwance, ko man zafi babu wanda ya kawo mini, sai Yaya Mamman da ya zo da lemo. A lokacin ba ka zo ka taɓa ta ba."

Alhaji ya ce wa Bukari, "To ka ji yadda suke kallonka. Ka zauna."

"Kawu, ku yi mini haƙuri. Ina so in ƙara jin fili ya kira sunana kafin ƙafar ta ƙi gaba ɗaya. Ko shekara ɗaya ce."

Dattijon ya daɗe yana juya goro a hannu. Ya ce ba zai hana shi ba, amma goro ba ya jiran mutum, ranar kasuwa mai zuwa zai kira ɗan ƙanwarsa daga Partago ya ba shi wurin, kuma in ya bayar ba ya karɓewa. Bukari ya ce ya ji. Aka shafa fatiha, na damƙa masa mobiletin da takardarta a gaban kawunsa. Isiyaku ma ya shafa.

Komowa

Washegari muka sake samun motar Bio. Bukari ya ce shi ba zai shiga mota ba, kayansa kawai ya ba mu, ya ɗaure galan ɗin mai a baya ya hau abarsa. Duk inda hanya ta yi kyau mu wuce shi, inda ta lalace ya wuce mu yana danna ƙaho, rigarsa cike da iska. A Onklou ya saya mana gasasshiyar masara. Tun da na san shi ban taɓa ganin haƙoransa a waje haka ba. Har Bio ya ce wa Isiyaku, "Ko don wannan dariyar ai kuɗin sun biya." Isiyaku ya ce dariya ba ta tare ƙwallo.

Bayan azahar muka iso Bétérou. Jandarman nan ne dai. Ya gane Bukari, ya ba shi hannu, sannan ya dube ni.

"Kamarad sakatare, ba ku ji rediyo ba?"

Na ce muna hanya.

Ya ce an ba da sanarwa jiya, an rushe duk ekip-ekip na unguwanni da na 'yan kasuwa, wai suna raba kan jama'a. Daga yanzu ekip ɗaya ce ga lardi duka, hukuma ce za ta zaɓi 'yan wasa, ita za ta ba su kaya. Ya faɗa ba da mugunta ba, har ya ce Allah ya sa a ɗauki Sakata.

Muka tsaya a bakin gada, kogin ya ciko yana tafe da itatuwa. Isiyaku ne ya fara magana.

"To, ciniki ya tashi. Babu kulob, babu ɗan wasa. A ɗora babur a mota, mu mayar wa mai shago ko da ragi, a ba mutane abin da ya samu."

Na ce, "Mun shafa fatiha a gaban kawunsa."

"Fatihar a kan wasa aka shafa ta. Wasan yana ina?"

"Shi ya rushe ekip ɗin? Ya bar zauren goro saboda maganarmu."

"Saboda maganarka," in ji Isiyaku. "Djougou ba ta yi nisa ba. Ya juya yanzu, ya durƙusa wa kawunsa, ranar kasuwa ba ta yi ba tukuna."

Gaskiya ne, da ya juya a lokacin wataƙila da ya samu wurinsa. Ni ma na ce masa, "Bukari, ka koma. Tafi da ita, ni zan tari mutanen Guéma."

Ya dubi hanyar da muka fito, ya dubi gadar. Ya ce, "Jiya na ce wa Kawu na ji. In koma yau in ce masa me? Za a yi zaɓe, zan je a gwada ni." Ya juya ga Isiyaku. "Mobileti kuwa, ba roƙonta na yi ba. Farashina na faɗa, kuka biya. Ku hau motarku."

Ya taka feda, ta tashi, ya haye gadar. Ba mu sake cim masa ba.

Gida

Muka shiga Parakou ana kiran magariba. Labari ya riga mu. A bakin gar na tarar da 'yan kwamiti da wasu daga cikin yaran, babu wanda ya ce mini sannu da hanya. Isiyaku ya sauka ya tsaya a cikinsu, ni na ɗauki jakata da ta Bukari na nufi Guéma ni kaɗai.

Abin da ya biyo baya gajere ne. Aka yi zaɓen 'yan wasa a babban fili. Aka ɗauki uku daga cikin yaranmu, har da ɗan mai shinkafa da wake, aka ba su takalma sababbi. Bukari ya zo, mai horarwa ya sa su zagaya fili da gudu, a zagaye na biyu ya ce ya fita. Bai taɓa ƙwallo ba. Mai motocin dakon da ya yi alkawarin aiki ya ce shi wa ɗan ekip ya yi alkawari. Bukari ya koma ɗaukar kayan 'yan kasuwa daga tashar jirgin ƙasa a bayan mobiletin, ana nuna shi ana cewa ga wanda ya hau takalman yara. Ɗan ƙanwar Alhaji ya zauna a zauren goro, har yau iyalansa ne a ciki. Ni kuma matan kasuwa suka ɗauke ɗinkinsu daga shagona, sallar waccan shekarar da ta bayanta duk a zaune na yi su.

Ni da Isiyaku ba mu ƙara zama a tabarma ɗaya ba. Har ya tsufa, in aka tayar da zancen a rumfar mahauta, cewa yake an yi tsada. Ni kuma nakan ce wa mai tambaya ya je tashar jirgi ya tambayi Bukari wa ya fi biya.

Ina gode wa Allah da ya kai mu ya komo da mu lafiya. Ina gode wa Bio direba, wanda ya ƙi karɓar kuɗin jakar Bukari. Ina gode wa Alhaji Sani, Allah ya ji ƙansa, da ya ba mu ɗaki da ruwan zafi da abinci, ya raka mu har bakin hanya da goro a hannu, alhali ya san abin da muka zo ɗauke masa.