Asuwakin da Goggo Ta Sa Na Ciza

Ranar Asabar ce, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a gindin dalbejiyar gidan Goggo a Kalgo. Mu uku ne: ni, da Goggo, ƙanwar mahaifina da ta yi ritaya daga koyar da lissafi, da ɗanta, taubashina. Saura mako bakwai in zauna jarrabawar shiga makarantar koyon harkokin kasuwanci. Gidan rediyon da nake karanta labarai ya ce a wannan shekarar kaɗai layin hutun karatu ya zo kaina. In na faɗi, ya wuce.

Gwaji uku na yi a gida, a Gwandu, duk ukun lokaci ya ƙare ina tsakiyar takarda. Taubashina ya ce ya san wani da ke samo tambayoyin tun kafin ranar, waya ɗaya zai buga. Ya ƙara da tsokana, wai ai mai karanta labarai ya saba a rubuta masa ya karanta. Ban yi dariya ba, don tun a mota nake fatan ya yi wannan tayin.

Goggo ba ta yi wa'azi ba. Ta tambaye shi ko mutumin ne zai zauna mini a aji shekara biyu. Sannan ta ajiye agogo a tabarma, ta miƙo mini tambayoyin gwaji. Bakina take kallo, ba takardar ba.

Bayan minti goma ta ce, "Ɗana, su wa kake karanta wa? Babu masu sauraro a nan."

Ashe leɓɓana motsi suke yi. Ina tsayawa a kowane waƙafi, ina jan numfashi a kowace aya, ina mayar da Turancin tambayar zuwa Hausa a zuci kafin in taɓa lissafin. Abin da aka horar da ni a kai ke nan, shi kuma yake cinye mini lokaci.

Ta karyo reshen dalbejiya, ta fere, ta ce in cije shi kamar asuwaki har in gama. Ɗaci ne da shi ba kaɗan ba. Makon farko yawu ya ɓata mini takarda, taubashina ya raɗa mini suna doki mai linzami. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne tsallake tambaya in dawo mata daga baya, don a gaban makirufo ba a tsallake layi. Kowace Asabar da Lahadi nakan zo daga Gwandu. Ba ta taɓa yi mini rangwamen minti ɗaya ba, ba ta kuma taɓa barina na tafi ban sha fura ba. Har yau ban san da bakin da zan gode mata ba.

Ranar jarrabawa ba a shiga da komai, sai na danne harshe da haƙori. Na gama saura minti huɗu. Da sunayen waɗanda aka ɗauka suka fito, nawa na ciki, na fara biyawa ta Kalgo kafin in wuce Gwandu.