Lala Ajab Gul da ganyen da na zana a bayan keke

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Lala Ajab Gul ya rasu da hantsin Talata, sha ɗaya ga watan Sha'aban, a gidansa da ke cikin tsohon birnin Peshawar, bayan ciwon zuciya da bai ba shi damar yin sallama da kowa ba. Ni kuwa a daidai wannan lokacin ina zaune a kan benci a ofishin 'yan sanda, an karɓe mini waya, saboda wani zane da na yi da hannuna.

Bari in faɗa maka yadda aka yi, Lala, tunda ban samu na faɗa maka kana da rai ba. Koren fenti na saya, na zana ganyen wiwi ƙato a bayan kekena mai ƙafa uku, na rubuta a ƙasansa cewa magani ne. A ganina na yi wa ƙungiyarmu ta iyalan marasa lafiya gagarumin aiki. Ranar farko samari suka yi ta tare ni, babu ko ɗaya da ya tambayi magani. Wani ma leƙowa ya yi ya ce, "Direba, nawa ne ƙulli?" Washegari ɗan sanda ya tsayar da ni, ya zagaya bayan keken, ya ce, "Allah Ya yi maka albarka. Da kowane dila zai yi wa kansa tambari haka, da mun huta." Sai da na kankare ganyen da murfin gwangwani suka sake ni. Na kunna waya na ga kiran matata birjik. Na isa maƙabarta na iske ana yayyafa wa kabarinka ruwa. Kai da ka ɗauki nauyin 'yata shekara da shekaru, ban samu na sa kafaɗa a makararka ba.

Ga wanda bai san shi ba, Lala mai haɗa magani ne. Ya yi aiki a kantin magani har gemunsa ya yi fari, sannan ya koma gida. Ni Zar Wali, wanda makaranta ta gaji da shi a aji biyar, na san shi ne ta dalilin 'yata Gulalai, mai fama da farfaɗiya tun tana rarrafe. Akwai lokacin da ciwon yake kayar da ita sau da yawa a yini ɗaya, har uwarta, Bakhtawara, ta ɗinke matasai a jikin kowace kusurwa ta ɗakinmu. Wani uba da muka haɗu a layin asibiti ne ya raɗa mini cewa akwai dattijon da ke dafa man wiwi a kicin ɗinsa, ana ɗiga wa yara irinta a ƙarƙashin harshe.

Ranar da na fara zuwa gidanka, Lala, na shiga da barkwanci kamar yadda na saba shiga ko'ina. Ka bar ni na gama, sannan ka ce, "Zar Wali, bakinka ya fi kekenka ƙara. Wane magani likita ya ba ta?" Ka sa na koma gida na kwaso kwalayen duka. Ka ce duk ranar da na daina ba ta na asibiti, kada in sake taka ƙofarka, kuma ka hana ni ɓoye wa likitanta komai. Ban ce man ya warkar da ita ba, kai ma ba ka taɓa cewa haka ba. Abin da na sani shi ne faɗuwar ta ragu, har Gulalai ta koma makaranta, har ta samu ƙarfin yi mini rashin kunya. Kai da kanka kake hawo tsohon kekenka ka zo ka duba ta, da alewa a aljihu, tana kiranka Baba mai ɗigo.

Da iyalai irinmu suka yi yawa, muka zama ƙungiya. Muna haɗuwa bayan sallar Juma'a a benen wani shagon darduma, ana shan koren shayi. Buƙatarmu ɗaya ce: hukuma ta raba mu da masu sayar wa 'yan shaye-shaye, a bar likitoci su rubuta man a fili, a gwada shi, a san abin da ke ciki. A kan buƙatar babu wanda ya taɓa musu. A kan hanyar kaiwa gare ta ne muka rabu biyu.

Kai kana ganin a bi a hankali, likita bayan likita, ba tare da an nuna fuskar yaro ko ɗaya ba. Palwasha kuwa, lauyar nan da ta yi jinyar mahaifiyarta da ciwon daji har ƙarshe, tana ganin shirun ne ke kashe mu. So take a kwashi yaran a kai su ƙofar majalisar lardi ranar da kwamitin lafiya zai saurari jama'a, 'yan jarida su ɗauka. Ina tuna ranar da ta dube ka ta ce, "Lala, ka gafarce ni, amma kai ba yaro ba ne. Idan ka faɗi gobe, wa zai dafa?" Kowa ya sunkuyar da kai. Ka ce, "'Yata, idan ciwon ya tashi a gaban kyamara, duk gari ya ga yarinya tana kumfar baki, wa zai yarda ya zauna kusa da ita a aji?" Daga ranar masu goyon bayanka suka koma zama wajen taga, nata suka koma wajen ƙofa, har butar shayi sai da aka yi biyu.

Ni dai, gaskiya, ina goyon bayan duk wanda ya zuba mini shayi a ƙarshe ne. Wata Juma'a na wajen ƙofa suka zuba, sai na miƙe na ce ni zan ɗauki Gulalai a kafaɗa har ƙofar majalisa. Aka tafa mini, kaina ya kumbura. Da na isa gida na ba Bakhtawara labari, ta ce, "Ka ɗauki kekenka a kafaɗa, shi ne naka kai kaɗai."

Mako guda kafin rasuwarka na kai ka asibiti a duba maka jini. Kana zaune a baya, kana riƙe da ƙarfe saboda tuƙina, ka ce, "Yarinyar nan Palwasha ta faɗi gaskiya a abu ɗaya, na tsufa. Ka je gaban kwamitin. Amma ka bar Gulalai a gida. Kai za ka zama fuskarta."

Na ce, "Wannan fuskar, Lala? Ai sai a ƙara wa dokar tsanani."

Ka ce, "Ka ji ko? Wannan shi ne ciwonka. Idan ka ba su dariya za su so ka, su manta da ita. Ka tsaya ka faɗa musu yadda safiyarku take, ba wasa a ciki."

Na ce, "In ban yi wasa ba, kuka zan yi."

Ka ce, "To ka yi kukan. Ba a taɓa kama mutum don ya yi kuka ba."

Na amsa da to. Sannan, saboda fenti ya fi wannan sauƙi, na je na sayi fenti.

Yanzu ga halin da ka bar mu a ciki. Kwanakin makoki ba a hura wuta a gidanka ba, maƙwabta ne suka yi ta kawo shinkafa da gurasa. Da aka sake hura ta, ɗanka Inamullah ya riga ya kawar da tukwanen da sauran ganyen. Ban ga laifinsa ba, yana da aikin gwamnati da ƙananan yara. Amma kowace safiya sai in ɗaga kwalbar Gulalai a jikin hasken taga in ga inda man ya kai, kuma kowace safiya yana ƙasa da jiya. Bakhtawara ta ciro matasan nan daga akwati, ta mayar da su kusurwoyin ɗaki. Akwai masu sayar da wani mai a kasuwa, amma kai ka koya mana tsoron abin da ba mu san me aka zuba a ciki ba. Na wajen taga suna cewa kowa ya koma gida ya yi shiru, kada a biyo sawu. Na wajen ƙofa suna cewa yanzu ne ma ya kamata a fito da yaran duka, har da hotonka a gaba. Kowane ɓangare yana rantsuwa cewa abin da za ka so ke nan.

Palwasha ta zo gaisuwa, ta yi kuka fiye da wasu na wajen taga. A bakin ƙofa na ce mata Gulalai ba za ta je ba, ni kaɗai zan je. Ta share ido ta ce, "To me za ka nuna musu? Gashin bakinka?" Na ce shi da abin da ke ƙarƙashinsa. Ta ce ta sa sunana cikin masu magana a gaban kwamitin ranar Alhamis, kuma idan na yi barkwanci ko ɗaya da kanta za ta janye ni daga gaban mutane.

Allah Ya jiƙan Lala Ajab Gul, Ya yafe masa, Ya yalwata kabarinsa, Ya sa kowane ɗigo da ya sauƙaƙa wa yaro ciwo ya zame masa haske. Ina miƙa ta'aziyya ga maiɗakinsa Bibi Gul Andama, da Inamullah, da 'yarsa Brekhna, da iyalan benen shagon darduma, na taga da na ƙofa. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya tsare mana yaranmu.

Lala, saura alkawarin da kake bina. Ina gwadawa a cikin keke idan babu fasinja. Ina farawa da cewa, "Sunana Zar Wali, ina da 'ya." Har yau ban iya wuce nan ba. Jibi ne Alhamis.